Yadda Ake Sauya Linzamin Ƙofa a Tsohuwar Motar Gudu Mai Ƙofa Biyu

Alamar farko ƙara ce. Kana buɗe ƙofa sai ka ji "ƙas!" daga wajen marataya, kamar an taka busasshen kara. Wani lokaci a yi makonni ana jin wannan ƙara kafin abin ya rabu. Wani lokaci kuwa babu sallama: ka tura ƙofa, ta wuce inda ta saba tsayawa, ta tafi abinta har gefenta ya daki fenda. Abin da ya karye ɗan ƙarfe ne, ko ɗamara, wanda da kaɗan ya ɗara tafin hannu tsawo, yana tsakanin gaban ƙofa da ginshiƙin da take rataye a jikinsa. Aikinsa biyu ne, hana ƙofa wuce iyaka, da kuma riƙe ta a buɗe don kada ta dawo ta daki ƙaurinka kana ƙoƙarin fitowa. Zan kira shi linzamin ƙofa, domin aikin da yake yi ke nan.

A tsofaffin motocin gudu wannan ɗan ƙarfe yana shan wahala fiye da na sauran motoci. Ƙofofin biyu ne kawai, saboda haka dogaye ne, kuma duk tsawon ƙofa ƙarin ƙarfi ne a kan linzami idan iska ta fizge ta. Ga motar a ƙasa take, mai fita sai ya dafa ƙofa ya miƙe. A yi haka shekara hamsin, ai dole wani abu ya gaji. Sauya shi ba aiki ne mai wuya ba, awa ɗaya zuwa biyu idan tsatsa ba ta yi gardama ba. Amma abu biyu nake so ka riƙe tun yanzu. Ɓarna mafi tsada tana faruwa ne a daidai lokacin da ƙofa take babu linzami. Sannan da wuya linzami ya karye shi kaɗai ba tare da wani dalili a bayansa ba.

Fara da gane irin naka

Buɗe ƙofa rabi, ka haska tsakanin marataya biyu da tocila. Ɗaya daga cikin abu uku za ka gani.

Akwai ɗamara ta waje, irin ta Austin-Healey Sprite da aka fara a 1958 da ƙanwarta MG Midget da ta biyo baya a 1961. Wannan ba ƙarfe ba ne, maɗauri ne mai lanƙwasuwa, an ɗaure bakinsa ɗaya a jikin ƙofa, ɗaya a bangon wajen ƙafa, da 'yan faranti da sukurori. Idan irin wannan ne naka, ka huta: ka kwance sukurori, ka sa sabo, ka tabbatar ramukan ba su yi faɗi ba. Shi ke nan.

Akwai wanda hannun ƙarfen yake shigewa cikin ƙofa idan an rufe, akwatinsa mai sifirin yana ɗaure a ciki da noti biyu, bakinsa kuma yana haɗe da ɗan kunne a jikin ginshiƙi da fil. Haka yake a Porsche 911 ta da, da galibin motocin da suka biyo bayanta. Dole ka buɗe allon cikin ƙofa kafin ka kai gare shi.

Na uku akasin wannan ne. Hannun yana shigewa cikin ginshiƙi, bakinsa kuma yana haɗe da ƙofa, sau da yawa da ribit, wato ƙusar da ake daddale bakinta ba ta kwancewa, maimakon fil. Triumph Spitfire, wadda aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, da TR6 suna cikin wannan sahu. A nan ta wajen ƙafa za ka shiga, ka cire allon da ke gefen ƙafar direba ko ta fasinja, ka iske bayan linzamin a cikin ginshiƙi.

Bayanin da ke tafe ya fi karkata ga na biyu, domin shi ya fi aiki, amma zan nuna inda na uku ya bambanta.

Kayan aiki

Sifana da soket, sukudireba, filaya mai dogon baki, ƙaramar guduma, siririn ƙarfen fitar da fil, man fesawa mai ratsa tsatsa, giris, tef ɗin masu fenti, kwali, tsumma, igiya, tocila, da mayen ƙarfe mai dogon hannu. Idan da ribit, sai injin huda.

Kada ka raina maganar awon sifana. Motocin Ingila na wancan zamani da awon inci aka ɗaure su, kuma notin da za ka fi haɗuwa da shi a ƙofa shi ne mai ɗaukar sifana 7/16. Sifanar milimita mai lamba 11 ta kusa da shi, har takan hau, amma a kan tsohon noti mai tsatsa "kusa" ba ta wadatar. Na Jamus da Italiya da Japan kuwa da milimita suke, galibi lamba 10. Haka ma sukurori. Yawancin motocin Ingila daga tsakiyar shekarun 1960 suna da sukuru irin Pozidriv, wanda za ka gane shi da 'yan siraran layuka huɗu a tsakanin gicciyen kansa. Sukudireban Phillips zai shiga, ya yi kamar ya kama, sannan ya zame ya cinye kan. Daga nan aikin awa ɗaya ya zama na yini.

Ɗaure ƙofa kafin ka taɓa komai

Ajiye motar a daidaitaccen wuri, a kan tayoyinta huɗu, inda babu iska. Kada ka yi wannan aiki tana kan jak. Motar da ba ta da rufi jikinta yana ɗan murɗewa idan aka ɗaga gefe ɗaya, sai ƙofa ta zauna a inda ba nan ne mazauninta ba, ka daidaita komai a kan ƙarya.

Manna tef ninki biyu ko uku a gefen gaban ƙofa da gefen fenda, daga sama har ƙasa. Naɗe kwali ka cusa a tsakani. Sannan ka ɗaura igiya daga cikin ƙofa zuwa ƙafar kujera ko wani ƙarfe mai ƙarfi a cikin motar, tsawonta daidai inda ƙofa ta saba tsayawa, ko ƙasa da haka kaɗan. Kada ka ɗaura a sitiyari, kada kuma a firam ɗin gilashi.

Na san wani zai ce wannan ɓata lokaci ne. Ni ma na taɓa cewa haka. Na cire fil, na juya in ɗauko sifana, iska ta shigo ta ƙofar gareji. Ban ma ji ƙara mai ƙarfi ba, "ɗum" ce kawai 'yar ƙarama. Da na duba, ga layi a tsaye a fatar ƙofa, tsawon yatsa, fenti ya tsage a bakinsa. Linzamin da na zo sauyawa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na abin da gyaran wannan layi ya ci ba, kuma har yau idan rana ta faɗo a kan ƙofar ta gefe ina ganin wurin. Igiyar minti biyu ce.

Idan akwai fitilar da ke kamawa in an buɗe ƙofa, cire kan batir, ka fara da wayar da ke haɗe da jikin mota. Lura da kyau a nan: motocin Ingila da yawa kafin wajen 1967, har da MGB ta farko, kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da jiki, ba mai alamar ragewa ba. Bi wayar da idonka ka ga inda ta tafi.

Buɗe allon ciki

Ɗaga gilashi har sama tukuna, domin idan yana ƙasa zai tare maka hanya. Ɗauki hoton hannun ɗaga gilashi a yadda yake, don ka mayar da shi daidai da na ɗaya ƙofar. Hannun nan iri uku ne: mai sukuru a tsakiya, mai siririn fil da ke ɓoye a bayan zoben ado wanda sai ka danna zoben ciki kafin ka gan shi, da mai ɗan ƙarfe kamar kofaton doki. Na ƙarshen, zura gefen tsumma tsakanin hannu da allo ka riƙa ja hagu da dama, zai fito. Sa hannu ka tare, don yana da tsalle.

Cire madafin hannu da hannun buɗewa. Allon kansa katakon kwali ne da aka lulluɓe, kuma bayan shekaru na danshi ya zama kamar busasshen ganye. Zura abu mai faɗi daf da kowane maƙale ka ɗaga a hankali. Idan ka ja daga tsakani, maƙalen zai zauna a ƙofa ya yago allon. A bayansa akwai ledar da ke tare ruwa. Ɓare gefen gaba kawai, kada ka yaga ta, kada kuma ka yar.

Fitar da tsohon

Fesa mai a kan fil da notuna, ka ba shi kamar minti goma sha biyar. Kafin nan ka kalli fil ɗin da kyau. Wani yana da ƙaramin fil mai tsaga a ƙasa, wani ɗan zobe, wani kuma matse shi kawai aka yi, wuyansa yana da zane-zanen da ke kama ramin. Yawanci kansa a sama yake, saboda haka daga ƙasa ake bugo shi sama. Kawo ƙofa tsakiyar tafiyarta inda babu nauyi a kan hannun, sannan ka buga a hankali. Kunnen da ke jikin ginshiƙi ba shi da kauri. Idan fil ya ƙi, ka sa wani ya tokare kunnen da ƙarfe mai nauyi daga ɗaya gefen, don bugun ya tafi kan fil maimakon ya lanƙwasa kunne.

Idan ribit ne, buga ɗan tabo a tsakiyar kansa, ka huda da ƙaramin baki, sannan da wanda ya kusa kaurin jikinsa, har kan ya fita. Kan kawai kake so ka cire, ba ka faɗaɗa ramin ba. Shimfiɗa tsumma a ƙasa ya tare garin ƙarfe, domin duk ƙwayar da ta zauna a kan fenti za ta zama ɗigon tsatsa da ruwan farko.

Yanzu tura hannun cikin ƙofa, ka kwance notuna biyu da ke gefen gabanta, hannunka ɗaya yana ciki yana riƙe da akwatin. Fito da shi ta ramin allon ƙarfe. Bakunan ramin nan suna da kaifi, sa safar hannu. Idan guntun da ya karye ya faɗa ƙasan ƙofa, nemo shi da mayen ƙarfe. Kada ka bar shi, zai yi ta ƙara, ya kuma toshe ramin fitar ruwa. Tunda hannunka na ciki, share ƙasan ka buɗe ramukan nan da siririn itace.

A mota irin Spitfire, bayan ka raba bakin da ƙofa, sai ka zaro hannun ta cikin ginshiƙi zuwa wajen ƙafa. Duba ƙarafan sifirin da yake bi ta tsakaninsu, da robar da ke rufe ramin. Robar nan ita ke hana ruwa shiga ginshiƙi, kuma kusan kullum za ka same ta a fashe. Sauya ta tare.

Nemo abin da ya karya shi

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa. Goge wurin da akwatin ya zauna har ƙarfe ya fito fili, ka haska tocila ta gefe, ba kai tsaye ba, don tsaga ta yi inuwa. Kana neman siraran layuka masu fitowa daga ramukan noti kamar jijiyar ganye, ko wurin da ƙarfe ya kumburo waje. Ƙarfen ƙofa bai cika kai milimita ɗaya ba. Idan linzami ya bushe babu giris, kowace buɗewa sai ya fizgi wannan siririn ƙarfe, kowace rufewa ya tura shi. Abin da ke faruwa da waya idan ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya shi ke faruwa a nan. Tsofaffin 911 sun yi suna da wannan tsagewa, har ana sayar da farantan ƙarfafa wurin musamman dominsu. Sau da yawa ma ƙarar "ƙas" da aka ji ba linzamin ba ne, ƙofar ce ke yagewa.

Idan ka ɗaura sabon linzami a kan tsagaggen ƙarfe, ka ƙara wa Borno dawaki, domin sabon ya fi tsohon tauri, zai kuma ƙarasa abin da aka fara. Ƙaramar tsaga, huda ɗan rami na milimita 3 a daidai ƙarshenta don ta daina tafiya, ka daidaita ƙarfen, ka sa faranti mai kaurin milimita 2 a baya wanda ya fi wurin faɗi sosai, notunan su ratsa ta cikinsa. Idan kuwa wurin ya yage, ko kunnen ginshiƙi yana motsi da ka taɓa shi, sai walda, kuma a hannun wanda ya saba da siririn ƙarfen jikin mota. Kafin a kunna wuta a cire gilashi ko a rufe shi da kyau, domin tartsatsi yana nutsewa a gilashi ba ya fita. A janye wayoyi da leda, a kankare kakin hana tsatsa da ke cikin ƙofa don yana kamawa da wuta, a ajiye abin kashe gobara kusa. Mota mai jikin zaren gilashi kamar Lotus Elan kuwa ba ta san walda ba, gyaranta da zare da ƙaro ne, aikin wani gwani daban.

Sai marataya. Buɗe ƙofa kaɗan, ka kama ƙarshenta ka ɗaga sama. Idan ka ji tana motsi "ƙwal-ƙwal", filolin marataya sun ci. Ƙofar da ta sunkuya tana jan linzami a karkace, hannun ya riƙa gogar gefen raminsa. Duba tsohon hannun: idan gefe ɗaya ya yi sheƙi ya sirance, ga shaidarka nan. Gyara marataya tukuna, in ba haka ba sabon ma hanyar zai bi.

Duk inda ka kankare, shafa fentin hana tsatsa ka bari ya bushe kafin ka ci gaba.

Ɗaura sabon

Jera sabo da tsoho a kan tebur. Gwada tsawon hannu daga ramin fil zuwa abin tsayarwa na ƙarshe, tazarar notuna, da lanƙwasar hannun. A motoci da yawa na hagu daban ne da na dama, ko kuma guda ne amma yana da sama da ƙasa. Kayan da ake ƙerawa yanzu don tsofaffin motoci ba duka ne suke daidai da na asali ba, kuma ƙarin milimita kaɗan a tsawon hannu yana iya barin ƙofa ta taɓa fenda. Idan ka ga bambanci, tsaya ka bincika kafin ka ɗaura.

Shafa giris mai laushi a dukkan fuskokin hannun da cikin ramin fil. Robobi kuwa giris na silikon ake sa musu, domin na man fetur yana kumbura su.

Shigar da akwatin ta cikin ƙofa, hannun ya leƙo ta raminsa, ka ɗaura notunan da yatsa kawai. Kada ka matse. Sabon linzami yana da tauri, ba za ka iya jawo hannun da yatsu ba: zura sukudireba a ramin fil ka riƙe shi ka ja, har ya fito daidai kunne. Matsar da ƙofa a hankali har ramuka su haɗu, ka saka fil daga sama, kansa a sama, don ko abin riƙonsa ya faɗi nauyinsa ya zaunar da shi. Sa ƙaramin fil ko zobe sabo. Kada ka rufe ƙofa alhali hannun yana waje bai shiga kunne ba, zai tokari ginshiƙi ya lotsa shi.

Masu Triumph da yawa suna maye gurbin ribit da fil mai kai, don gaba ya yi sauƙin cirewa. Dabara ce mai kyau, da sharaɗi ɗaya: kada ya fi ribit tsawo har ya daki wani abu idan an rufe. Manna ɗan dunƙulen laka mai laushi a kansa da ƙasansa, ka rufe ƙofa sannu a hankali, ka buɗe. Idan lakar ta baje har ƙarfe ya bayyana, rage tsawonsa.

Kaɗa ƙofa sau uku ko huɗu, notuna suna sake, don akwatin ya nemi mazauninsa da kansa. Sai ka matse su bi da bi. Ƙananan notuna ne, mai kaurin milimita 6 ba ya buƙatar fiye da kimanin Nm 10 a awon ƙarfin matsewa, wato matsewar wuyan hannu, ba ta kafaɗa ba.

Gwaji da rufewa

Igiya tana nan, ka ɗan sassauta ta. Buɗe ƙofa a hankali har ƙarshe, idonka a kan tazarar da ke tsakanin gefenta da fenda. Dole linzami ya tsayar da ita kafin tef ya taɓa tef. Ya kamata ka ji ta faɗa mazauninta da laushi, ta kuma tsaya idan ka sake ta. Sa yatsa kusa da notunan, wani ya kaɗa ƙofa: in ka ji ƙarfen yana numfashi a ƙarƙashin yatsanka, wurin bai yi ƙarfi ba tukuna. Sannan ka sauke gilashi har ƙasa ka ɗaga, ƙofa a rufe, domin a lokacin ne hannun yake can ciki, kuma idan an ɗaura shi a juye zai kankari gilashi.

Idan komai ya yi, mayar da leda ka manne ta, bakinta na ƙasa ya faɗa cikin ƙofa don ruwa ya gangara ciki ba kan allo ba. Sauya maƙalan da suka karye, ka danna allon da tafin hannu a daidai kan kowane maƙale. Mayar da hannaye bisa hoton da ka ɗauka, haɗa batir, ɓare tef a hankali kana ja a kwance don kada ya ɗago tsohon fenti. Igiya ce ƙarshen abin da za ka kwance.

Bayan mako guda ka sake gwada notunan, don sabon fenti da faranti sukan zauna su saki kaɗan. Kowace shekara kuma ka goge hannun ka sa sabon giris, ta waje ma ya isa, ba sai an buɗe allo ba. Kafin ka tattara kaya, zagaya ɗaya ƙofar da tocila. Linzaminta shekarunsu ɗaya da wanda ya karye, kuma idan ta fasinja ce, mai yiwuwa rabonta da giris tun daga masana'anta.